Rana, Farar Shadda da Gudun Doki: Yadda Ake Ɗaukar Hoto a Fili, a Kuma Gyara Shi



Kowace shekara, da zarar an kammala huɗubar Idi, tun kafin a gama musafaha, hotuna sun kama hanya daga Zongo zuwa Yamai, Maraɗi, Sakkwato, Kano, Kumasi, har Faransa da Beljiyam. Mu mutanen zango ne, ɗan zango kuwa kullum rabin danginsa suna wani gari. A gidaje da yawa hoton Salla shi ne kaɗai abin da tsohuwa take gani a can gida ta san jikanta ya yi tsawo, ko ɗiyarta ta murmure bayan haihuwa. Don haka ba ƙaramar asara ba ce a ce hoto ya isa hannunta ta kasa gane wanda ke ciki. Amma haka abin yake faruwa sau da yawa. Shaddar da aka biya tela kuɗi mai yawa ya yi wa aiki ta fito fari fat, babu ko alamar zare. Fuska ta yi duhu a ƙarƙashin hula, idanu sun zama ramuka biyu. Yaron da aka so a kama yana tsalle ya riga ya fice, sai duddugensa a gefen hoto. Daga nan sai a ɗora wa waya laifi, a fara tunanin sayen wata mai tsada. Alhali in an bi diddigi, mafi yawan wannan ɓarna daga rana take, da kuma wurin da mai ɗauka ya tsaya.

Ranar Kwatano

Garinmu yana kusa da tsakiyar duniya, digiri shida da 'yan kai ne kawai a arewa da layin da ya raba ta biyu. Ma'anar wannan ga mai ɗaukar hoto ita ce rana ba ta yin jinkiri a nan. Tana fitowa tsakanin ƙarfe shida da rabi da ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, ta miƙe sama kusan a tsaye, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Da ƙarfe tara ta yi sulusin hanyarta zuwa tsakar ka, da sha ɗaya ta yi nisa ƙwarai, tana kuma kai wa tsakiya wajen ƙarfe ɗaya saura minti goma, da ɗan gaba ko baya gwargwadon wata. Sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba, takan tsaya daidai bisa kanmu, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Littattafan koyon hoto da aka rubuta a Turai sukan yi maganar haske mai laushi na safe da na yamma kamar abu ne mai daɗewa. A wajenmu wannan haske ɗan taƙi ne: awa guda da 'yan kai bayan hudowar rana, da kamar haka kafin faɗuwarta.

Hasken da ke saukowa daga tsakar ka shi ne maƙiyin fuska. Goshi da hula da bakin mayafi suna tare shi, sai idanu su faɗa cikin inuwa, hanci ya ja baƙin layi bisa leɓe, gumi ya yi ta ƙyalli a goshi da kumatu. Idon ɗan Adam yana iya ganin farar riga da inuwar fuska a lokaci guda, domin yana ta sauyawa ba tare da mun sani ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Tazarar da take iya riƙewa tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu ƙanƙanuwa ce, abin da ya wuce iyakar sai ya zama fari zalla ko baƙi zalla.

Akwai kuma wani abu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa in an gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da launin toka matsakaici. To, ka kawo masa sahun mutum ashirin cikin farar shadda a kan farin yashi. Sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi, riguna su yi toka-toka, fuskoki kuwa su nutse. Wannan matsala tana da tarihi. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi aka riƙa daidaita launi. Wata malamar jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa cikin waɗanda suka matsa aka inganta yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. Abin dariya, abin takaici. A zamanin waya an sami sauyi: kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, Google ma ya fito da nasa tsarin mai suna Real Tone a 2021. Duk da haka babu wayar da ta isa ta sauke rana daga tsakar ka.

Abu uku da ke cikin akwatin

Waɗanda suka yi karatun littattafai sun san sunan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya yi bayanin yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a bango. Kyamara ɗakin nan ne aka ƙanƙanta, kuma har gobe abu uku ne ke tafiyar da ita: faɗin kafar da haske ke shiga, tsawon lokacin da kafar ke buɗe, da kuma saurin jin haske na farantin da ke karɓar sura, wanda ake aunawa da lambar ISO.

Tsofaffin masu hoto, waɗanda suka yi aiki da fim ba su ga sakamako sai an wanke, suna da ƙa'ida da suka haddace, ƙa'idar 16. In rana ta take babu gajimare, aka sa ISO a 100, to kafa f/16 da lokaci 1/100 na daƙiƙa za su ba da haske daidai. Daga nan lissafi ne kawai: duk matakin da aka buɗe kafa, sai a ninka sauri. Wato f/11 da 1/200, f/8 da 1/400, f/5.6 da 1/800, f/4 da 1/1600. Dukkansu haske ɗaya suke bayarwa, bambancinsu a wajen motsi yake. Mai tafiya a hankali 1/250 ya ishe shi. Yara masu ƙwallo a yashin Fidjrossè suna son 1/500 ko fiye. Doki a guje, ko 'yan tseren keke na zagayen Benin, ko ɗan zemijan mai rawayar riga da ya ba babur wuta, sai 1/1000 zuwa sama. A nan ne rana take biyan mai hoto diyyar wahalar da ta ba shi, domin irin wannan sauri ba ya samuwa cikin ɗaki ko bayan magariba sai an ɗaga ISO hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Mai babbar kyamara sai ya juya ta zuwa harafin S, ko Tv a kan Canon, ya zaɓi saurin da kansa, ya bar mata sauran.

Mai waya kuwa, wanda shi ne mafi yawanmu, kafar wayarsa ba ta sauyawa a galibi, kuma a cikin rana wayar da kanta take zaɓar sauri mai yawa. Saboda haka in hotonsa ya yi dishi-dishi da tsakar rana, da wuya a ce motsi ne. Ko dai gilashin ya sha maiƙon yatsa da gumin aljihu, ko wayar ta kafa ido a kan bangon baya ta bar mutum, ko kuma an jawo hoton da yatsu biyu. Wannan jawowa, in wayar ba ta da ido na musamman mai hangen nesa, yanke tsakiyar hoto ne kawai a kumbura shi. Gara mutum ya taka da ƙafarsa ya matsa, in wurin ya ba da hali. Gogen gilashi da gefen riga mai laushi kafin a fara, daƙiƙa biyu ne, amma ya fi duk wata manhaja amfani.

Inda za a tsaya

Wannan shi ne babin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya cin ko dala.

Mu ɗauki filin Idi. Alƙiblar Kwatano tana wajen digiri 64 daga arewa, wato gabas ce mai karkata arewa. Da hantsi rana ma tana gabas, a watannin Mayu, Yuni da Yuli kuwa tana hudowa ne ta arewa maso gabas, kusan saitin alƙibla. Layyar 2024 da ta 2025 duk a Yuni suka faɗo. Ke nan jama'ar da ke zaune a sahu rana tana dukan fuskarsu. Wanda ya ɗauke su daga baya zai fuskanci rana, ya sami baƙaƙen kawuna da farin sama. Wanda ya zagayo gabansu zai sami fuskoki da haske, amma kowa ya runtse ido ya yamutsa fuska, ga shi kuma gaban masu salla ba wurin kai da kawo ba ne, balle mai hoton ma sallar ce ta fito da shi daga gida. Mafita ita ce gefe. In an idar, aka gama sauraron huɗuba, mutane suka miƙe, sai mai ɗauka ya tsaya yadda rana za ta kasance a bayan kafaɗarsa ta dama ko ta hagu, tana zuwa a karkace. Hasken gefe shi ke fito da aikin wuyan riga, da ƙyallin shadda, da tsagen fuskar dattijo.

In kuwa rana ta riga ta hau, kamar a walimar aure ko saukar karatu da ake yi da sha biyu, to a nemi bakin inuwa: ƙofar zaure, gindin bango, ƙarshen rumfa. Mutum ya tsaya cikin inuwar, taki ɗaya daga inda ta ƙare, yana fuskantar fili. Hasken da ke tashi daga ƙasa da bangon maƙwabta zai cika fuskarsa ba tare da ya runtse ido ba. A kula da rumfunan haya masu launi, domin jar tamfol tana rina fuska ja, shuɗiya ta mai da amarya kamar mai jinya. A kuma guji gindin bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, tana zuba ɗigo-ɗigon haske a fuska. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, akasarin hotunansa da duniya ke yabo a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane rataye a bango. A nan kusa da mu, Léonce Raphaël Agbodjélou na Porto-Novo, wanda ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa Joseph Moïse Agbodjélou, shi ma da hasken rana ya yi suna. Ba su da abin da ba mu da shi sai sanin wurin tsayawa.

Wanda dole ta sa ya ɗauki mutum a tsakar rana yana da dabara biyu. Ko ya sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali a ƙasa da ƙirjin wanda ake ɗauka, ya mayar da haske cikin idanunsa, ko ya kunna filashar babbar kyamara, ko da mutane za su yi masa dariyar kunna fitila da rana. Filasha tana cike inuwar da ke ƙarƙashin hula, amma ƙarfinta a cikin rana bai wuce mita biyu zuwa uku ba, kuma a yawancin kyamarori ba ta aiki da saurin da ya wuce 1/200 ko 1/250. 'Yar fitilar waya kam ba ta da ta cewa a gaban rana.

Game da farar riga, ga hukuncinmu. A hoton zamani, wurin da ya ƙone ya zama fari zalla ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da zaren da ba a kama ba. Wurin da ya yi duhu kuwa sau da yawa akwai sura a ɓoye cikinsa, ana iya tono ta daga baya. Don haka a taɓa fuskar mutum a allon waya don ta kafa ido a kanta, sa'an nan a ja 'yar alamar rana da ke fitowa a gefe zuwa ƙasa sannu a hankali, har aikin rigar ya bayyana, a tsaya nan. In an danne yatsa na ɗan lokaci, yawancin wayoyi suna kulle wannan ma'auni, ba zai yi ta tsalle ba duk lokacin da wani ya gifta.

Kama motsi

Mutanenmu da yawa suna hawa arewa zuwa Nikki a watan Mauludi don kallon Gani, inda mahayan Borgu ke fitowa da dawakai cikin ado, kakaki yana tashi a ƙofar fada. Wasu sun san Sallar Gani ta Daura, wasu hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya a irin wannan wuri ya san doki ba ya jira. Tsakanin lokacin da ido ya gani, da yatsa ya taɓa, da waya ta amsa, akwai ɗan jinkiri, kuma a cikinsa doki ya ci mita da yawa. Gudun doki ya fi ƙarfin ido ma kansa: sai a 1878, da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta Amurka, aka ga a hoto cewa akwai lokacin da kofatai huɗu duk suke sama, a tattare ƙarƙashin ciki.

Maganin jinkiri shi ne sanin wasan. Kowane motsi yana da ƙololuwa, inda yake ɗan tsayawa kafin ya juya. A jahi, ita ce lokacin da mahayi ya ja linzami a gaban sarki, doki ya turje, ƙura ta tashi, hannu ya ɗaga sama. A kokawa, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke bi da zuciya ɗaya tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ita ce lokacin da ƙafa ta bar ƙasa kafin kaye. A ƙwallo, lokacin da kai ya haɗu da ita a sama. Ragon Layya ma da ya tsinke igiya yara suka bi shi, yana da inda yake turjewa ya sauya hanya. Mai hoto ba ya bin motsi da ido yana fatan sa'a. Yana zaɓar wurin da ya san abin zai faru, ya kafa idon kyamara a nan tun da wuri, ya kulle haske, ya jira. In lokacin ya matso sai ya saki harbi a jere, abin da wayoyinmu masu Faransanci ke kira rafale, ya fara kafin ƙololuwar, ya ci gaba har ta wuce. Cikin hoto ashirin ɗaya ake nema. Sauran a share su a daren, kada su cika waya su binne na kirkin.

A bar wa mai gudu fili a gabansa cikin hoton, don ido ya ga inda ya nufa. A durƙusa in yara ake ɗauka, domin hoton da aka ɗauka daga tsayin babba yakan mai da su manyan kawuna bisa ƙananan ƙafafu. A duba bayan mutum kafin a duba shi kansa, kada turken lantarki ya tsiro masa a hula. Mai babbar kyamara da ke son a ji gudu a hoton zai iya rage sauri zuwa 1/60 ko 1/125, ya tsuke kafa, ya bi mahayin da kyamara yana juya ƙugu, sai mahayi ya fito sarai, baya ya zama zane-zane. Wannan sai an ɓata da yawa kafin hannu ya faɗa. Wurin dawakai kuwa, kada son hoto ya sa a tsallake inda dogarai suka tsayar da jama'a. Wanda idonsa ke kan allo ba ya ganin dokin da ke zuwa ta gefe.

Malick Sidibé ya bar mana misali. A shekarun 1970 yakan bi samarin Bamako bakin kogin Kwara ranar Lahadi, ya ɗauke su suna wanka da wasa a tsakar rana, baƙar fata da farin yashi da ƙyallin ruwa, kuma fuskokin suna nan sarai. A 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a Benis ta Italiya. Abokin zamaninsa Philippe Koudjina, wanda ya adana rayuwar Yamai ta bayan samun 'yancin kai, a nan Kwatano aka haife shi a 1940.

Kayan aiki ma suna jin rana. Waya in ta yi zafi takan rage haske ko ta rufe kyamara, sai a riƙa mai da ita inuwa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, hunturu yana kawo ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, damshin damina kuma yana tsirar da fumfuna cikin gilashin babbar kyamara in an kulle ta a jaka. Kada a sauya gilashi a bakin teku, kada kuma a leƙa rana ta cikin kyamara mai dogon ido.

Gyara

Kada a yi gyara a tsakar rana, inda allo ba ya nuna gaskiya. A shiga ɗaki, a sa hasken allo matsakaici, a yi aiki a kan kwafi, asalin ya zauna yadda yake. Snapseed kyauta ce a waya, GIMP kyauta ce a kwamfuta, akwai kuma Lightroom. Wanda kyamararsa ke iya ajiye hoto a tsarin RAW zai sami sararin gyara fiye da mai JPEG, sai dai yana cin wuri.

A fara da miƙe hoto. Teku ba ya gangara, hasumiyar masallacin Zongo ba ta jingina. Sai a datse gefen da ba shi da amfani. Daga nan a rage wuraren da suka yi haske da yawa, waɗanda manhajoji da dama ke kira Hautes lumières, har shadda ta dawo da ƙyallinta, a ɗaga inuwa, wato Ombres, har idanu su fito. A yi hattara a nan, domin inuwar da aka ɗaga fiye da kima tana mai da fata toka-toka kamar an shafa mata toka, ta kuma fito da tsakuwa. In hoton inuwa ya yi shuɗi-shuɗi a ƙara masa ɗan ɗumi, ma'auni kuwa ita ce farar riga: in ta yi fari na gaskiya, sauran launuka sun daidaita. Hoton hunturu yakan yi fari-fari, yana son a ɗan ƙara bambancin haske da duhu. Kaurin launi shi ne inda hannu ya fi zarcewa, har atamfa ta riƙa ƙuna a ido, fata ta koma ruwan lemo. In an gama, a ajiye wayar a sha ruwa, a dawo a gwada da asalin. Sau da yawa za a ga rabin abin da aka ƙara ya isa.

Akwai iyaka tsakanin gyaran haske da sauya abin da ya faru. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar masa hoto, Adnan Hajj, ya kuma janye hotunansa sama da 900, saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Hoton gida ba jarida ba ne, amma shi ma shaida ne, jikoki za su dube shi su gaskata. Fito da fuska daga inuwa mayar mata da abin da ido ya gani ne. Sauya launin fatar kuwa wani abu ne dabam. Wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin ƙawata fuska a kunne tun daga kanti, yana goge tsage da tabo, ya sirantar da hanci, ya haskaka fata, mai wayar bai ma sani ba. Muna roƙon iyaye su shiga su kashe shi. Yarinyar da ta tashi tana ganin duk hoton da aka yaba mata an ƙara mata fari a cikinsa, an koya mata darasi ba da baki ba, kuma mun san shagunan man shafawa da ke jiran ta. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke cewa suna sabunta tsohon hoto: inda sura ta goge, ƙirƙiro ta suke yi daga fuskokin wasu mutane. Sai a wayi gari da kyakkyawan hoton wani dattijo a bango, wanda 'ya'yan marigayin suka san ba mahaifinsu ba ne. Wanda zai yi amfani da su ya ajiye asalin, ya kuma gaya wa dangi wanne ne wanne.

Kafin a tura, a tuna cewa ba duk wanda ya shiga hoto ne ya yarda a yaɗa shi ba. Matar maƙwabci da iska ta ɗage wa mayafi, dattijon da ke cin abinci, ɗan wani da ya faɗi yana kuka, almajirin da ke karɓar nama: waɗannan a datse su ko a nemi izini. Akwai kuma waɗanda ba sa son a ɗauke su sam saboda fahimtarsu ta addini, malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma haƙƙinsu ne a kyale su ba tare da gardama ba. Ta fuskar hukuma ma, dokar Benin mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilu 2018, wadda ta tsara harkokin sadarwar zamani, ta kare bayanan da ake gane mutum da su, akwai kuma hukumar APDP da ke karɓar ƙorafi.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, kuma duk lokacin da aka ɗauki hoton allo aka sake turawa sai ya ƙara lalacewa. Tun 2023 akwai maɓallin HD, amma wanda za a kai wa mai wanki gara a tura shi a matsayin Document, ya isa yadda yake. A shagon wanki a tuna cewa takardar santimita 10 da 15 ta fi hoton waya tsawo, don haka injin zai yanke wani abu daga gefe, sau da yawa hula ko ƙafa. A datse shi da hannu tun a gida zuwa ma'aunin 3:2. Takarda kuma ba ta da fitila a bayanta kamar allo, hoto yakan fito da ɗan duhu, sai a gwada ɗaya kafin a ba da hamsin. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da ruwa ke yi wa akwatin da ke ƙarƙashin gado, saboda haka kundin hotuna ya hau saman kabad, kwafinsa kuma ya tafi wurin wani ɗan uwa a wani gari. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da wurin, da shekarar, da fensir mai laushi, domin tawadar biro tana ratsa takarda a damshin Kwatano.